Daminar da Aka Hana Gayya

Bana ruwa ya yi mana jinkiri a Panshekara har mutane suka fara maganar fita roƙon ruwa, da ya zo kuma sai ya ƙi ɗaukewa. Ranar Juma'ar da ta wuce ya tsare jikokina biyu a ɗakina, Nura da Sadiƙu, masu aiki a wani kamfanin fata a Challawa. Na ba su dafaffiyar gyaɗa don bakinsu ya sami abin yi, sai suka ɗauko gardama a kan shugaban ƙasa. Abin da ya ba ni mamaki, jam'iyyarsu ɗaya, kuma mutum ɗaya suka zaɓa.

Nura ya ce, "Ni na zaɓe shi, kuma ni zan faɗa. Abin da yake yi bai yi ba."

Sadiƙu ya ce, "To ka faɗa a ɗaki mana. In ka faɗa a waje ai ka miƙa wa 'yan adawa wuƙa. Namu ne, ko me ya yi."

Nura ya juyo. "Hajiya, ke me kika gani?"

Na ce ni dai gyaɗata na gani tana ƙarewa. Suka yi dariya suka koma kan musunsu. Amma ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ke shigowa ta taga, da kalmar nan ta "namu ne", sun riga sun ɗauke ni sun mayar Sharaɗa, cikin wata damina bayan samun mulkin kai, kafin sojoji su karɓi ƙasa.

Wanda ya san Sharaɗa ta yau, da dogayen katangu da manyan motoci, zai ce ƙarya nake yi in na ce a lokacin gonaki ne iyakar ganinka. Gero da dawa da gyaɗa, ga kuka ga ɗorawa, sai layin dogo da ya ratsa ya nufi Challawa. Kamfanoni a Bompai suke, can ɗaya gefen gari. A can maigidana yake aiki, a inda ake matsar man gyaɗa. Bayan sallar asuba zai hau kekensa ya bi ta Nassarawa don ya riga jiniyar kamfani, da yamma ya dawo rigarsa tana ƙamshin tunkuza, awaki suna biye da shi har ƙofar ɗaki. Ban taɓa zuwa Bompai ba a lokacin, sai dai in yi ta yi masa tambaya, yaya ƙarfe yake matse gyaɗa ba turmi ba taɓarya, kuma ina suke zuba wannan mai duka. Ya gaji da ni ya ce wata rana zai kai ni in gani. Har ya koma ga Allah bai kai ni ba.

A gidan mahaifinsa muke zaune. Sunan surukina bai taɓa fita daga bakina ba, kuma ba yau zan fara ba. Baba Malam muke ce masa. Dogo ne, siriri, ba ya dariya sai dole, kuma shi ke kiran gayya a unguwarmu. Ga yaran yanzu da ba su santa ba, gayya ita ce a taru a yi wa mutum ɗaya noma a rana ɗaya, da kiɗa da abinci, gobe kuma a tafi gonar wani. Baba Malam ɗan jam'iyyar manya ne, wadda ke riƙe da gwamnati, ba sai na kama suna ba. Ba don an ba shi wani abu yake cikinta ba. Shi a ganinsa duniya tana da tsari, babba a gaba, yaro a baya, kuma duk wanda ya zo taɓa wannan tsari mara kunya ne. Yana da bajon jam'iyya da yake maƙalawa a rigarsa ta Juma'a. 'Yan adawa kuwa, ko sunansu aka ambata sai ya tofar da yawu.

To, mahaifina, Baffa, yana cikin waɗanda ake tofar wa yawun. Gidanmu yana wani ɗan ƙauye tsakanin Sharaɗa da Challawa. Shi da Baba Malam a makarantar allo ɗaya suka yi karatu, kuma su suka haɗa aurenmu tun siyasa ba ta yi zafi ba. Da ta yi zafi, Baffa ya shiga adawa, ya ce ya gaji da cire takalmi ya durƙusa wa wanda bai fi shi komai ba sai rawani. Daga nan tsakaninsu sai "salamu alaikum", ita ma a tsaitsaye.

Bazarar shekarar ta yi zafi irin wanda ruwan randa ke zama kamar an ɗora shi a murhu. Rijiyar unguwa ta ja baya, guga yana fitowa da laka. Ruwan farko ya sauko da ƙarfi, maza suka fita da sungumi, muka bi su da iri a ƙwarya, aka yi shuka ana murna. Gero ya fito, sai sama ta rufe bakinta. Muna kallo tsiron ya nannaɗe ya ƙone. Da ruwa ya dawo aka sake shuka da ɗan irin da ya rage, wasu har da wanda suka ajiye don ci. Saboda haka komai ya makara, kuma rumbu ya riga ya kai ƙasa. Inna, matar Baba Malam, ita ke shiga rumbu, kullum sai na ga ƙwaryar da take fitowa da ita ta ragu. Muka koma kwaɗon rama da tafasa, da ɗan ƙuli-ƙulin da maigidana ke samowa. Tuwo sai da dare, shi ma a yi masa ruwa-ruwa. Na san daren da na kwanta ina jin cikina yana ƙugi tare da kwaɗin bayan gida.

Sai marka ta kama. Ruwa ba dare ba rana, yayyafi ya tsaya mamako ya karɓa. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika madafa har idona ya yi ja, tufafi suna warin danshi, katangar bayan gida ta zube. Irin wannan ruwa ciyawa ta fi gero son sa. Wanda bai yi noma a kan kari ba, cikin 'yan kwanaki sai ya nemi geronsa ya rasa.

A daidai lokacin ne shugaban jam'iyya na yankinmu ya yi doka. Sunansa Alhaji Mati, mai sayen gyaɗa ne, mutum mai fara'a da yawan kyauta, gaskiya ba zan ce mugu ba ne. Zaɓe yana tafe, an ce daga sama an matsa masa ya nuna yankinsa a hannunsa yake. Sai ya tara mutane bayan sallar Juma'a ya ce daga yau fartanyar ɗan jam'iyya ba za ta shiga gonar ɗan adawa ba. Ba gayya, ba aron garma. Ya ce in yunwa ta murɗa su za su gane inda inuwa take. Maigidana ne ya kawo labarin, yana faɗa wa Inna a tsakar gida. Baba Malam yana gefe yana alwala.

Ba a jima ba aka aiko mini cewa Baffa yana kwance, kurkunu ya kama shi. Ita ma wannan cuta yaran yanzu ba su santa ba, Allah Ya raba mu da ita. Tsutsa ce doguwa kamar zare, a ruwan tafki ake shan ta, sai damina ta yi tsaka ta fasa ƙafar mutum ta fara fitowa. Ba a jan ta da ƙarfi, a tsinke ake naɗe ta kaɗan-kaɗan, mutum yana kwance sai ya yi wata da watanni. Inna ta nema mini izini, muka bi gefen layin dogo ni da ita, laka tana cire mana takalmi.

Na tarar da Baffa a kan tabarma, ƙafafunsa biyu sun kumbura, kowace da tsinkenta. Ya rame, amma bakinsa yana nan.

Ya ce, "Ladi, kin ga ni ma gwamnati ta ɗaure ni ba tare da alƙali ba."

Na yi dariya don kada in yi kuka. Da za mu dawo na ce wa Inna mu bi ta gonarsa. Da ban san wurin ba da na wuce ta. Ciyawar harkiya ta kai mini gwiwa, geron yana can ƙarƙashi, siriri, ya yi rawaya. Ƙannena duk mata ne, su da mahaifiyata sun tsuguna a gefe ɗaya suna cira da hannu, abin da suka cire bai fi shimfiɗar tabarma ba. Abokan Baffa na adawa ba su da yawa, wasu suna tsare, sauran kowa yana fama da tasa ciyawar. Wannan gona ita ce abincin gidanmu na shekara. In ta tafi, ban san abin da za su ci ba.

A al'ada akwai maganin wannan. In surukin mutum ya kwanta da damina, mijin 'yarsa ne zai ɗauko gayya daga garinsu ya kai masa, kuma shi zai kama kunyar farko, wato layin da ke bakin iyaka. Kowa ya san haka. Da yamma na yi wa maigidana maganar a ɗaki. Ya ce helumansu, wato shugaban leburori a kamfani, ƙanin Alhaji Mati ne, kuma ta hannunsa ya sami aikin. Ya ce, "In aka kore ni, gida biyu ne za su yi yunwa maimakon ɗaya." Ba ƙarya ya yi ba. Amma na juya masa baya.

Saura Baba Malam. Shi kuwa ta yaya zan yi masa magana? Tun da na shigo gidan, tsakanina da shi sai gaisuwa daga nesa, ina durƙushe, kaina a ƙasa. Ko ruwa zan kai masa, ajiyewa nake yi in bar wurin. Matar ɗa ba ta tsayawa gaban suruki ta ce ga buƙatata, balle buƙatar ta zama ta ubanta, ubanta kuma ɗan adawa. Inna ma na ga tana kauce wa zancen.

Amma da muke gonar Baffa na tumɓuke gindin gero ɗaya tare da ciyawar da ta shaƙe shi, na ƙunshe a gefen zanena. Ban san me zan yi da shi ba a lokacin. Washegari da na je cika wa Baba Malam buta kafin azahar, sai na ajiye shi a gefen butar, na koma madafa. Ta kafar zana nake leƙe. Ya fito ya tsuguna, ya ga abin, ya ɗauka. Ya juya shi, ya raba saiwar geron da ta ciyawa da yatsa, ya murza ƙasar, har ya shinshina. Ƙasar gefen Challawa ta fi tamu yashi, manomi ba ya ɓata.

Ya ɗaga murya ya ce wa Inna, "Ke, wannan daga gonar wa?"

Inna ta ce, "Malam, ai kun sani."

"Duk haka take?"

"Wannan ma mai dama-dama ne."

Ya yi alwalarsa ya fita masallaci da geron a hannu. Da la'asar muka ji ya aika a sayo goro, ya kuma aika wa makaɗin gangar noma cewa jibi akwai gayya.

Kafin magariba Alhaji Mati ya iso da kansa. Suka zauna a zaure. Ina daka a bayan katangar zauren, na tsayar da taɓarya, Inna ta harare ni ta ce in ci gaba amma a hankali, ita ma ta matso da kujerarta.

Alhaji Mati ya fara da lallashi. "Malam, ku ne iyayenmu a wannan tafiya. In ku kuka karya doka, wa zai bi ta?"

Baba Malam ya ce, "Alhaji, wace doka? Ni na shiga jam'iyyar nan ne don ta ce za ta riƙe abin da muka tarar iyayenmu suna yi. Gayya mun tarar da ita. Wannan taka kuwa jiya ka ƙirƙiro ta. Yaran can da muke zagi muna cewa sun zo rushe al'ada, ko su ba su taɓa cewa a bar gonar mara lafiya ta mutu ba. Kai ka fara."

"Malam, mutumin nan a bainar jama'a yake zagin manyanmu."

"Yana zagi, kuma mara kunya ne, na faɗa masa a gabansa. Geronsa bai zagi kowa ba."

Sai Alhaji Mati ya sassauta murya, har sai da na daina dakan gaba ɗaya. Ya ce ya gane akwai surukuta a tsakani. Ya ce Malam ya ɗauki mutum biyu ko uku su je da sassafe, ba kiɗa ba goro, su yi abin da za su yi su dawo, shi kuma zai yi kamar bai ji ba. Wallahi a zuciyata na ce Alhamdu lillahi, a karɓa. Ni gona nake so a nome, ban damu da ganga ba.

Baba Malam ya ce, "Wato in je noma kamar mai zuwa sata."

"Ba haka nake nufi ba."

"In abin da zan yi laifi ne, ka hana ni a fili. In ba laifi ba ne, me ya sa zan ɓoye? Da ganga za mu tafi, kuma ta ƙofar gidanka za mu bi, don nan ce hanya."

Alhaji Mati ya miƙe. Yana sa takalmi ya ce, "Allah Ya huci zuciyarku, Malam. Ina dai tuna muku Habu yana Bompai." Habu shi ne maigidana, bakin Alhaji ne ya faɗa ba nawa ba.

Baba Malam ya ce, "Na san inda yake."

Washegari aka raba goro, unguwa ta rabu biyu. A al'ada wanda ya karɓi goron gayya ya yi alkawari ke nan. Wasu da suka hango ɗan aike sai suka zame ta bayan gida. Wani ya karɓa ya ci rabi, matarsa ta yi masa faɗa, ya aiko da sauran rabin. Duk 'yan jam'iyya ɗaya ne fa, masallaci ɗaya, amma a bakin rijiya sai ka ji wannan yana cewa Malam ya ci amanar tafiya, wancan yana cewa Alhaji ne ya ci amanar gari. Har mata abin ya shafa. Maƙwabciyata da kullum muke daka tare ta aiko cewa kanta yana ciwo. Inna ta shiga rumbu ta share ƙasansa, muka yi fura da abin da ya fito, don abincin gayya ba za a ɗora wa gidan mara lafiya ba.

Ranar gayya gari ya waye da yayyafi. Maigidana ya fito ya tsaya a tsakar gida, ga kekensa jingine da katanga, ga fartanyarsa rataye a rumfa. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, yana jira a ce masa yi kaza. Baba Malam ya amsa gaisuwa, ya ci gaba da ɗaure wandonsa na noma, bai ce masa zo ba, bai ce masa tafi ba. Maigidana ya daɗe a durƙushe. Daga baya ya tashi ya ja kekensa ya fita. Na ji ƙarar sarƙar keken har ta ɓace, kuma na ji haushinsa ƙwarai.

Baba Malam ya shiga ɗaki ya fito, sai na ga ya ciro bajon jam'iyya daga rigar Juma'a ya maƙala a tsohuwar taguwarsa ta gona. Ya saɓa fartanyarsa, ya miƙa hannu ya sauko da ta ɗansa ma. Makaɗi ya saki ganga tun daga ƙofar gida. Waɗanda suka fito ba su kai rabin masu zuwa gayya a da ba, yawanci dattawa ne sa'o'insa. Suka bi ta ƙofar gidan Alhaji Mati kamar yadda ya ce. Ni da Inna muna baya da ƙoren fura a ka.

Da aka isa, mutane suka jeru a bakin gona, kunyar farko ta mijin 'ya tana nan ba kowa. Kowa ya ga haka, kowa ya kau da kai. Baba Malam ya je ya tsaya a kanta. Ya nome ta har ƙarshe, ya dawo ya kama tasa, haka ya yi ta yi, layi biyu yana ja shi kaɗai, tsoho da furfura. Yayyafi ya ɗauke, rana ta fito mai cizo, tururi yana tashi daga ƙasa, warin ɗanyar ciyawa ya cika wurin. Gumi ya manne masa taguwa a baya. Makaɗi yana bin sa yana kiran sunayen kakanninsa, shi ko ɗaga kai ba ya yi. Ina tsaye a gindin ɗorawa ina ganin geron Baffa yana fitowa fili layi bayan layi, kamar yaran da aka yi wa aski.

Da rana ta take aka ɗauko Baffa a kan jaki, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Baba Malam ya zo shan fura, suka haɗa ido. Baffa ya kalli bajon.

Ya ce, "Malam, da wannan abin ka shigo mini gona?"

Baba Malam ya ce, "Da shi. Don kada ka yi zaton na dawo wajenku."

"Allah Ya saka da alheri."

"Ka daina shan ruwan tafki," in ji Baba Malam, ya ajiye ludayi ya koma.

Ba a gama gonar a ranar ba, hannu ya yi kaɗan, amma an ci mafi yawanta. Da muka dawo tafin hannun Baba Malam ya fashe, Inna tana shafa masa man kaɗe. Maigidana ya shigo da kekensa, ya ga fartanyarsa a jingine da laka a bakinta, ya ga hannun mahaifinsa. Na ajiye masa tuwo bai taɓa ba. Ranar Lahadi da ba aiki ya tashi da sassafe shi kaɗai, ya je ya ƙarasa abin da ya rage, ba ganga ba kowa. Aikinsa bai taɓu ba. Na yi shekaru ina auna wannan abu, wani lokaci in ga laifinsa, wani lokaci in tuna da ƙuli-ƙulin nan da ya riƙe mu.

Abin ya faɗa kan Baba Malam ne. Aka daina kiran sa taron jam'iyya, in ya je da kansa sai a bar shi a baya a tsaye. Da lokacin noman gonarsa ya zo ya raba goro, sai goron ya yi ta dawowa. Har dattawan da suka bi shi, an bi su gida-gida an ja musu kunne. Sai ga samarin adawa sun zo da tutarsu da waƙarsu, sun ce sun zo yi wa Malam noma tun da ya gane gaskiya. Ya fito zaure ya dube su ya ce, "Ku mayar da tutar gida ku dawo da fartanya kawai." Suka ce ba sa rabuwa da tuta. Ya ce to Allah Ya kiyaye hanya. Ɗaya ne kawai a cikinsu ya dawo washegari. Haka gonarmu ta sha ciyawa, shi da ɗansa ranar Lahadi da wannan saurayi suna ta fama.

Da kaka gonar Baffa ta yi kyau fiye da yadda kowa ya zata. Tamu kuwa damin da aka shigo da shi bai kai rabin rumbu ba. Zaɓe ya zo, Baba Malam ya sa rigar Juma'a da bajonsa, ya je ya jefa wa jam'iyyar da ta bar shi tsaye a baya. Wannan shi ne abin da har yau nake juyawa. Me ya gani a cikinta da bai bar ta ba? Kuma gayyar nan, don Baffa ya yi ta, ko don al'ada, ko don ya nuna wa Alhaji Mati iyakarsa, ko don gindin geron da ya tarar a gefen buta? Ban taɓa tambayarsa ba, ba a tambaya.

Tun kafin bazara ta yi nisa rumbunmu ya ƙare. Wata safiya sai ga Baffa, yana ɗingishi da sanda, yana kore da jakuna ɗauke da dammunan gero. Bai shiga zaure ba, ta ƙofar baya ya sauke, ya ce wa Inna kada a faɗa wa Malam, don ya san halinsa, zai iya cewa a mayar. Muka sussuka muka daka, na tuƙa tuwo mai kauri irin wanda muka daɗe ba mu gani ba, na ajiye wa Baba Malam a rumfa na koma bayan zana.

Ya buɗe akushi ya daɗe yana kallo. Ya san abin da ke rumbunsa sarai. Ya gutsura ya kai baki, ya tauna a hankali, sannan ya ce, "Ke, wannan geron na gefen Challawa ne."

Inna ta ce, "Malam, ai kun sani."

Ya sake kai loma. Ya ce, "Shi ya sa nake jin ɗacin adawa a cikinsa." Ya cinye tas, ya suɗe hannu, ya turo akushin gaba. Sai na ji ya ɗaga murya, ba wajen Inna ba, wajen zanar da ya san ina bayanta.

"Ladi, in da saura ƙaro mini."

Tun da na shigo gidan bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. Na zuba masa har da nawa kason.

Ruwa ya tsagaita, su Nura suka tashi za su tafi, har lokacin ba wanda ya sauko daga kan bakansa. Na ce su tsaya su kwashe ɓawon gyaɗar da suka zubar mini, su biyun tare.